“Ya zubar da girmansa”: zare a kan masoyan da ke binne mawaƙi da ransa

1/ Akwai wata magana da na gaji da gani a ƙarƙashin bidiyon mawaƙanmu: “Malam ya zubar da girmansa.” Da zarar babban mawaƙi ya shiga situdiyo da yaro, ko ma hotonsu kawai aka gani tare, sai a yi caa a kansa. Kuma ba maƙiyansa ke rubuta ta ba fa, masoyansa ne. Yau da su nake. Zaren da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare.

2/ Bari in fara da wani tsohon Bature, don ku ga ciwon ba namu ba ne mu kaɗai. Sunansa Jon Anderson, ɗan Ingila, an haife shi a 1944. Shi da abokinsa Chris Squire suka kafa ƙungiyar makaɗa mai suna Yes a Landan a 1968. Salonsu wani reshe ne na kiɗan rok da ba ya gaggawa: waƙa ɗaya sai ta ci minti 18, kiɗan yana ta sauya kama. Wanda ya taɓa zama ya ji Bakandamiyar Shata daga farko har ƙarshe ya san irin haƙurin da nake nufi.

3/ A 2008 ciwon numfashi ya kwantar da shi. Ƙungiyar da ya kafa da hannunsa ba ta jira shi ba, sai ta ɗauko wani ɗan Kanada, Benoît David, wanda sana'arsa kwaikwayon muryar Anderson ɗin, ta ba shi makirfo. A YouTube aka gano shi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

4/ Shekaru suka ja. Can a Amurka akwai wasu makaɗa, Band Geeks, ƙarƙashin Richie Castellano, suna kaɗa tsofaffin waƙoƙin Yes suna ɗorawa a YouTube. Tsoho ya ji, ya ce waɗannan sun iya. Ya yi yawon wasa da su a 2023, sannan a watan Agustan 2024 suka fitar da albam tare mai suna True. Yana da shekara 79 a lokacin. A ciki akwai waƙar da ta haura minti 15. Shekara 79 fa, jama'a.

5/ To sai masoya suka rabu biyu. Wasu suka ce wannan ya fi abin da ita kanta Yes ɗin take fitarwa yanzu kama da Yes. Wasu suka ce a'a, kwaikwayo ne, tsoho ne ya tara 'yan YouTube suna maimaita masa jiya. Abin dariyar shi ne: da ƙungiyar ta maye gurbinsa da ɗan kwaikwayo daga YouTube, an ci gaba da sayen tikiti. Da shi mai muryar ya ɗauko makaɗa daga wuri ɗaya, sai ya zama abin ce-ce-ku-ce. Haba.

6/ Amma ko masu sukar can, galibi waƙar suke suka: wannan baiti ya yi tsawo, wancan kiɗan mun taɓa jin irinsa. Mu a nan ba ma kaiwa ga waƙar. Hoto kawai muke gani mu yanke hukunci. Ba a danna an saurara ba, an riga an rubuta “Allah ya shirya.”

7/ Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake fakewa da al'ada. Wace al'adar? Waƙar Hausa tun asali taron dangi ce. Shata bai taɓa tsayawa shi kaɗai ba, da makaɗan kalangu da 'yan amshi a bayansa. Musa Ɗanƙwairo a cikin ƙungiyar gidansu ya tashi, yana karɓi a bayan manya kafin ya zama shugaba, daga baya 'ya'yansa suka tsaya a bayansa. Makarantar kenan, ba wata. Yaro na koyo ne kusa da babba, babba kuma yana samun sabon jini a kiɗansa. Irin Ɗan Maraya Jos da ke riƙe kuntiginsa shi kaɗai ai su ne 'yan tsiraru.

8/ Abin da ya sauya kawai shi ne yaron yau ba kalangu ne a hammatarsa ba, fiyano ne da kwamfuta a gabansa. Shi ke nan laifin. Da yaron nan ɗan amshi ne a baya sanye da hula, babu wanda zai ce uffan. Amma da aka rubuta sunansa kusa da na babba a jikin fasta, sai girma ya zube.

9/ Yanzu ku zo mu yi lissafin abin da wannan “kare girma” ya bar mana. Shata ya rasu a 1999. Ɗanƙwairo 1991. Barmani Choge 2013. Ɗan Maraya 2015. Je ka nemi waƙoƙinsu. Da yawa daga abin da za ka samu an kwafo shi ne daga kaset zuwa kaset zuwa waya, kalangu na shaƙewa, murya na nitsewa, wani lokacin waƙar ta yanke a tsakiya. Mutumin da ABU Zariya ta ba digirin girmamawa a 1988, amma sai ka kasa kunne kamar mai satar jin hira kafin ka tsinci wasu baitocinsa.

10/ Barmani ta fi taɓa ni. Matar nan ta riƙe kiɗan amada shekara da shekaru, da ƙwarya da 'yan amshinta mata. Tana raye sabbin situdiyo suka cika Kano. Ina albam ɗin da aka zaunar da ita aka haɗa ta da 'yan fiyano, aka yi shi da kuɗi da natsuwa? Sai bayan ba ta nan Ado Gwanja ya ɗauko salon amada ya ɗora a kan kiɗan zamani, mata suka cika fili da rawa. Ko kana son Gwanja ko ba ka so, ya nuna kasuwar tana nan. Mai kayan ce kawai ba ta ci kasuwar ba.

11/ Tsallaka Nijar. Mamman Sani ya naɗi kiɗansa na ogan a kaset a 1978, gidan rediyo da talabijin na ƙasar suka yi ta sa shi a tsakanin shirye-shirye, mutane sun san kiɗan ba su damu da mai shi ba. Sai a 2013 wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sake fitar da shi, aka fara gayyatarsa Turai. A Mali, Ali Farka Touré ya haɗa albam da Ba'amurke Ry Cooder a 1994, Talking Timbuktu, ya ci Grammy. Da ɗan Kano ne, wallahi da an rubuta masa “ya bi Turawa ya lalace.”

12/ Kada wani ya ce ina kare kowace haɗaka. A'a. Akwai ta banza, kuma tana da yawa. A kira dattijo a ba shi daƙiƙa 20, a matse muryarsa da na'ura har ta koma kamar ta yaron da ke mura, a sa shi a gaban mota yana ɗaga hannu don a samu abin yankawa a TikTok. Wannan ba haɗaka ba ce, an yi ado da shi ne. Idan ka ga irinta ka soka, ni ma zan taya ka. Amma ka ce kiɗan ya danne murya, ka ce baitin yaron ba shi da ma'ana. Kada ka ce don me ya je.

13/ Ku ma 'yan situdiyo ba ku tsira ba. Su Castellano sun shafe shekaru suna haddace waƙoƙin tsohon nan ɗaya bayan ɗaya kafin ya san da zamansu. Da ya zo, sun san inda muryarsa ke hawa da inda take buƙatar a sassauta mata. Ku fa? Cikinku mutum nawa ne zai zauna ya bambance kiɗan kotso da na taushi? Kiɗa ɗaya kuke da shi a kwamfuta, shi za a ba amarya, shi za a ba ɗan takara, shi za a ba dattijo. Dole ya fito wani iri.

14/ Sai maganar da ba a son ji: kuɗi. A nan Indabo in ana biki, duk waƙar da mai DJ ya sa daga memori take. Ranar Juma'a ka shiga kasuwar Wudil, masu turin waƙa za su cika maka waya, ko sisi ba ya isa hannun wanda ya rera. A hostel kuwa Xender ce. Mu ɗin nan da ba mu taɓa sayen waƙarsa ba, mu ne ke tsara masa wanda zai yi waƙa da shi da wanda ba zai yi ba. Girman da kuke cewa ya riƙe, a wane kanti ake karɓarsa a ba da shinkafa? Sai ranar da aka sa hotonsa a gadon asibiti da lambar akawu a ƙasa, sannan kowa ya tuna gwani ne.

15/ Kuma lokaci ba ya jira. Aminu Ala an haife shi a 1973, ya haura hamsin. Su Misbahu M. Ahmad, Sadi Sidi Sharifai, Fati Nijar, muryoyin da iyayenmu da yayyenmu suka yi samartaka da su, suna nan da ransu. A ƙauyuka akwai masu gurmi da kukuma da garaya da ko sau ɗaya ba a taɓa naɗarsu da makirfo mai kyau ba. Ni ina son in ji Ala da yaro ɗan shekara 22 sun zauna wata uku a kan albam ɗaya. In ya yi daɗi mu ce ya yi, in bai yi ba mu faɗi baitin da ya karye.

16/ Masu shirin zuwa su ce min “kai yaro ne, me ka sani,” na ji, bismillah. Sharaɗi ɗaya: ka zo da sunan waƙar da kake suka da minti nawa ka saurara. Sannan duk mai waƙoƙin Barmani da sautinsu ya fita tas, ba wanda aka kwafo daga kaset ba, don Allah ya turo min ta akwatin saƙo.