Likitan Mutum Ɗaya Da Likitan Gari Duka

Kowace shekara, idan lokacin cike takardun neman shiga jami'a ya zo, maganar da ake ji a gidajenmu ɗaya ce: yaro ya karanta likita. In bai samu ba sai a ce ya faɗi, ko da an ba shi gurbi a wani fanni na lafiya. Yau ina so mu duba ɗaya daga cikin fannonin nan da ake rainawa, watau ilmin kiwon lafiyar jama'a, wanda wasu jami'o'in Ingila da Amurka suka faɗaɗa, suna ba da digirin farko a kansa da sunan kiwon lafiyar duniya.

Bambancinsa da aikin likita a fili yake. Likita yakan duba majinyacin da ke gabansa ya ba shi magani. Shi kuwa mai wannan ilmi tambayarsa ita ce: me ya sa mutum talatin a unguwa ɗaya suka kamu da amai da gudawa cikin mako guda? Wace rijiya suka sha? Saboda haka ake koya masa lissafin yaɗuwar cuta, da tsabtar ruwa da muhalli, da sha'anin abinci mai gina jiki, da kasafin kuɗin asibitoci, da al'adun mutane. Dattawanmu sun san kakansa, shi ne duba-gari.

To, ina ruwan duniya a ciki? Amsa ita ce cuta ba ta san kan iyaka ba. Sanƙarau da ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya cikin 1996, yankinsa ya miƙe tun daga Senegal har Habasha. A wannan annoba ce kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, abin da ya bar tabo a zukatan jama'a. Da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohi cikin 2003, ƙwayar cutar ta bazu zuwa ƙasashe wajen 20, har Yaman da Indunusiya. Abin da ya warware matsalar shi ne shigowar sarakuna da malamai, da mutanen da suka iya zama da magidanci su yi masa bayani da harshensa. Cikin 2016 aka ga na ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama, a Jihar Borno, cikin 2020 kuma aka tabbatar da Afirka ta rabu da ita. Haka nan da Ebola ta shigo Legas cikin Yuli 2014, ma'aikatan da suka goge a aikin shan-inna suna cikin waɗanda suka bi sawun duk wanda ya yi cuɗanya da majinyata, har abin ya tsaya a kan mutum 20, takwas suka rasu.

Mafi yawan shawarwarin irin wannan aiki a Abuja ake yanke su. A nan hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, take, da hukumar kiwon lafiya matakin farko da aka kafa cikin 1992, da ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya. A nan ne kuma shugabannin Afirka suka yi alkawari cikin Afrilu 2001 za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu, alkawarin da gwamnatin tarayya ba ta cika ba. Idan 'ya'yanmu masu jin Hausa da Fillanci da Barbarci ba su zauna a teburan nan ba, wasu ne za su tsara mana, mu kuma mu ci gaba da zargi daga nesa. Ga ƙofa kuwa a buɗe, domin ko Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, mai hedkwata a Jabi, tana ba da digirin kiwon lafiyar jama'a.

Amma fa a yi hattara. Wannan digiri ba ya ba mutum izinin duba majinyaci ko rubuta magani, kada wani ya gama ya rataya allo yana kiran kansa likita. Kafin uba ya biya ko kwabo, ya tabbatar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da kwas ɗin a wannan jami'a. Ɗalibi kuma ya sani aiki ba ya jiran kowa. Sai ya ƙware a lissafi da kwamfuta, ya kuma yarda ya bar sanyin ofis ya shiga ƙauyukan Kwali da Abaji, inda ake shan ruwan rafi. Wanda bai san rijiyar ƙauyensu ba, ba shi da abin faɗa a taron Janeba.

Kiranmu ga gwamnatocin jihohi shi ne su sa wannan fanni cikin waɗanda suke ba tallafin karatu, su kuma tanadi guraben aiki a ƙananan hukumomi. Ga iyaye kuwa, mun daɗe muna cewa rigakafi ya fi magani. Lokaci ya yi da za mu bar 'ya'yanmu su karanta shi. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.