Anyama da Gafalar Fataken Goro

Wanda duk ya hau motar gbaka daga Adjamé Liberté a Abijan ya nufi arewa, ya yi haƙuri da cunkoson Abobo, to, bayan tafiyar kimanin kilomita 20 zai sauka a Anyama, ƙasar mutanen Attié, wadda Allah Ya hore mata damina biyu a shekara da inuwar kurmi irin wadda itacen goro ke so, har mutanen Kwaddibuwa suka yi mata laƙabi da birnin goro.

Kakanninmu fataken goro Gwanja suka sani. Da jakuna suke zuwa Salaga da ke can, sai da Ingilishi suka ci Asante a 1874, yaƙin basasa kuma ya watsa Salaga a 1892, sannan fatake suka bazu neman wata mafita. Da Faransawa suka soma shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Abijan a 1904, wadda ta ratsa Anyama, ta isa Bouaké a 1912, ta kai Wagadugu a 1954, sai tijarar ta sami sabuwar alƙibla, Dyula da Hausawa suka yi zango kusa da tasha, wasunsu kuma suka gangara Treichville da Adjamé.

Fataucin goro sana'a ce mai bukatar basira. Ka ga gwani zaune bisa tabarma yana tsince goro ɗaya bayan ɗaya, yana ware fari da ja, yana jefar da wanda sankara ta huda tun bai ɓata 'yan'uwansa ba, sa'an nan ya shimfiɗa ɗanyen ganye ya ɗaure huhu tamau, domin ya isa Kano ko Maraɗi da danshinsa. Amma wannan gwanin, in ka tambaye shi gonar wa goron ya fito, ko wa zai gaje ta, da wuya ya ba ka amsa, alhali kuwa a can asalin arzikinsa yake.

Ga shi birni yana cin ƙauye. A Ebimpé, cikin ƙasar Anyama, aka buɗe babban filin ƙwallo a 2020, inda mutanen Kwaddibuwa suka doke Nijeriya da ci 2 da 1 a 2024, abin da har yau ba a son ambatonsa a wasu majalisun Adjamé. Jirgin cikin gari da ake gina wa hanya ma daga Anyama zai tashi. Manomin da aka taya wa gonarsa kuɗin fuloti ba zai jira itacen da sai ya shekara kusan 7 kafin ya yi 'ya'ya ba, kuma ban ga laifinsa ba.

A ra'ayina, maslahar attajiranmu ita ce su zauna da dagatan Attié su ƙulla yarjejeniya a rubuce, su ba da jarin dashen sababbin itatuwa a ƙauyukan da gine-gine ba su kai ba tukuna, a raba amfanin bisa adalci, da shaidu daga ɓangarorin biyu.