Me ya sa makarantun Yahudawa a Amurka suka rungumi karatun Talmud na hutun bazara?

A watan Afrilun 2022 hukumar gudanarwar Hebrew Union College ta kaɗa ƙuri'ar daina yaye malaman addini a reshenta na Cincinnati nan da 2026. A wannan birni aka kafa makarantar a 1875, kuma ita ce mafi daɗewa cikin makarantun horar da malaman Yahudawa da ke aiki a Amurka. Dalilin da aka bayar shi ne ƙarancin ɗalibai da giɓin kuɗi.

Matsalar ba ta wannan makaranta kaɗai ba ce. Zama rabbai a ɓangarorin Yahudawa masu sassaucin ra'ayi yakan ci shekara biyar bayan digirin farko, galibi har da shekara guda a birnin Ƙudus. Matasa ƙalilan ne ke iya ajiye aiki na tsawon wannan lokaci. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na Yahudawan Amurka ba sa jingina kansu da kowane ɓangare, kuma masu bin tsarin gargajiya sau da ƙafa, waɗanda yaransu ke tashi da karatun Talmud, kashi 9 ne kacal cikin ɗari.

A nan shirye-shiryen hutun bazara suke shigowa, wato tsakanin Yuni da Agusta. Jewish Theological Seminary ta New York, wadda aka kafa a 1886, tana da shiri mai suna Nishma da ke haɗa Ibrananci da karatun littattafan malaman farko. Cibiyar Pardes a Ƙudus tana karɓar ɗaliban bazara, maza da mata. A kwalejin Middlebury kuwa, ɗalibi yakan sa hannu kan alƙawarin ba zai yi magana da wani harshe ba sai Ibrananci har shirin ya ƙare. Masu zuwa sun haɗa da masu digiri na uku, malaman makaranta, da waɗanda ke son gwada ƙarfinsu kafin su shiga karatun shekara biyar ɗin.

Abin da ake karantawa ba ƙaramin kaya ba ne. Mishna, wadda aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, tarin hukunce-hukunce ne cikin Ibrananci mai dunƙule, a kashi shida. Talmud na Babila sharhi ne da muhawara a kanta, warƙa 2,711 a bugun Vilna da aka fi amfani da shi, kuma yawancinsa da harshen Aramiyanci ne. A bugun gargajiya babu wasali, alamomin tsayawa ma sai nadiran. Tambaya da amsa da raddi duk a jere suke, mai karatu ne zai gane inda wani ya yi shiru wani ya karɓa. Wanda ya iya Ibranancin titin Tel Aviv zai iya buɗe shafi ya tsaya cak.

Duk wanda ya zauna a zauren malam a Kano ko Zariya zai gane fasalin shafin: matani a tsakiya, sharhin Rashi a gefe ɗaya, bayanan malaman Tosafot a ɗaya gefen, kamar sharhi da hashiya. Ɗakin karatun ma sunansa bet midrash, daga tushe ɗaya da kalmar darasi. Ɗalibai kan zauna bibbiyu, su yi ta ja-in-ja kan jimla guda kafin malami ya shigo.

Gajeren zangon ma ba sabon abu ba ne. A makarantun Sura da Pumbedita na ƙasar Iraƙi, da suka yi tashe har zamanin Abbasiyawa, akwai watanni biyu a shekara, Adar da Elul, da masu sana'a ke barin aikinsu su taru don karatu. Sai dai waɗancan mutane suna tafiya gida da babin da za su nazarta kafin zama na gaba, kuma Aramiyanci harshen yankinsu ne. Ɗalibin yau yakan fara ne daga nahawu.

Shi ya sa zancen cewa makonni shida ko bakwai za su cike gurbin shekaru bai da ƙarfi. Abin da zangon ke iya bayarwa shi ne mabuɗi: ƙa'idojin harshe, kalmomin da ke nuna an shiga tambaya ko an warware ta, da yadda ake amfani da ƙamus. Fatawa da ƙwarewa sai an daɗe a gaban malami.

Akwai kuma barazana daga wayar hannu. Tun 2017 manhajar Sefaria ta fara saka Talmud kyauta tare da fassarar Turanci ta Adin Steinsaltz. Wannan ya ƙara yawan masu bin tsarin Daf Yomi, na warƙa ɗaya kowace rana, wanda Meir Shapiro ya ƙirƙiro a 1923. Masu karatu sun ƙaru, amma ta hanyar fassara, kuma mai fassara ya riga ya zaɓar musu ma'ana ɗaya a wuraren da malamai suka saɓa. Hujjar makarantun ke nan ta karɓar kuɗi a kan abin da ke kyauta a intanet.

Siyasar Gabas ta Tsakiya ma ta shiga lissafi. Lokacin da Isra'ila ta kai wa Iran hari ranar 13 ga Yunin 2025, an rufe sararin samaniyar ƙasar daidai farkon zangon bazara, har aka kwashe wasu matasa baƙi ta jirgin ruwa zuwa Cyprus. Iyaye da jami'o'in da ke biyan kuɗin tafiya suna kallon irin wannan, kuma hakan na iya karkatar da ɗalibai zuwa New York ko ajin intanet, inda Ibrananci ke ƙarewa da zarar an tashi daga darasi.