Man Kanumfari Mataimaki Ne, Ba Madadin Likitan Dabbobi Ba

Masu kiwon kaji da yawa sun saba zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a abincin kaji ko da lafiyarsu lau, har ƙwayoyin suka fara gagarar magani. Tun 2006 Tarayyar Turai ta hana yin haka domin ƙara ƙiba.

Bincike ya nuna cewa sinadarin yujinol na man kanumfari yana dakushe sinadaran da ƙwayar bakteriya ke sarrafa abincinta da su. Sai dai yawancin gwaje-gwajen a ɗakin bincike aka yi, ba a akurki ba.

Saboda haka, malaman gona su faɗakar da manoma: a tsaftace akurki, a daina ba lafiyayyun kaji magani. Idan cuta ta ɓulla, a nemi likitan dabbobi.