Mastar ta ilimin muhalli da gonakin Maraɗi

Bayan babban farin 1973 ne ƙasashen Sahel suka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai, cikin 1974, domin horar da ma'aikata kan yanayi, ruwa da noma. Yau ɗalibin da ya kammala lisans yana iya neman mastar ta ilimin muhalli a gida, ko dai a Jami'ar Abdu Mumuni, ko a ta Maraɗi da aka buɗe cikin 2010. Karatun shekara 2 ne, kuma ƙarshensa bincike ne cikin karkara.

Nan gizo ke saƙa. Sassaben zamani, wato barin kututturen gawo, kalgo da sabara su sake tofowa cikin gona ana yi musu aski, ya fara bazuwa a jihar Maraɗi tun 1983. Manoma ne suka yaɗa shi gona zuwa gona. Sai bayan 2000 masana suka auna faɗinsa da hotunan tauraron ɗan Adam: kusan hekta miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200. Shekaru da dama aikin na gudana bakin hanya, takardun bincike ba su gan shi ba.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Zuwa ƙauye na bukatar kuɗin mota da na zama, bursu kuwa ba ta isa. Alhazan da ke sayen wake da ayar waɗannan gonaki ba za su ji nauyin ɗalibi guda kowace damina ba, in an sharɗanta masa ya koma ya karanta wa manoman sakamakon da Hausa.