Sharhin Bayan Labarai: Hanyar Sallah daga Tsafe zuwa Bungudu

Sharhinmu na yau ya shafi zirga-zirgar Sallah ne a Gusau da garuruwan da ke kan hanyarta.

Tun ana saura kwana uku Sallah gari yake canza kama. 'Yan Zamfara da ke neman abinci a Abuja da Kaduna da Legas suna dawowa gida, motocin raguna suna shigowa, Babbar Kasuwa da Tsohuwar Kasuwa ba masaka tsinke, shataletalen Lalan kuwa sai mai haƙuri. Kusan duk wannan jama'a hanya ɗaya ce ke ɗauke da su. Ita ce wadda ta taso daga Zariya ta bi Funtuwa da Yankara, ta ratsa Tsafe, ta wuce gindin dutsen Kwatarkwashi, ta shiga Gusau, sannan ta fita ta Bungudu da Maru da Talatar Mafara har Sakkwato. Tun da aka ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996 Gusau take ta bunƙasa, motoci da babura suna ƙaruwa, hanyar kuma ba ta daina bi ta tsakiyar garuruwa ba.

Babu wanda za a ba labarin abin da ɓarayin daji suka yi wa matafiya a wannan hanya, musamman tsakanin Funtuwa da Tsafe da Gusau. Shi ya sa kowa ya haddace darasin: kada dare ya yi maka a hanya. Darasi ne mai kyau, amma dubi yadda muke aiki da shi. Direba ya ɓata safiyarsa a tasha yana jiran cikon mutum biyu, ya tashi Funtuwa bayan la'asar, daga nan sai ya shiga tsere da rana. Fasinjojin da ya kamata su ce masa ya sassauta su ne ke cewa "Direba taka mana, magariba ta gabato." Da wannan gudun yake shiga Tsafe, da shi yake wuce Kwatarkwashi, a daidai lokacin da yara suka cika bakin titi suna yawon Sallah. An guje wa ɗan bindiga, an zo an take ɗan mutane a ƙofar gidansu.

Maganin wannan sammako ne. Mai zuwa daga nesa ya tashi da sassafe, ya shiga mota a tasha inda ake rubuta sunan fasinja, ya bar motar bakin hanya komai arharta. Ya tambayi direbobin da suka fito daga inda za shi halin da hanya take ciki, domin su ne ke da labari mai ɗumi. Idan la'asar ta yi masa sakaliya a Funtuwa ko Talatar Mafara, ya kwana. Gara a yi idi babu kai, ka iso washegari ka ci naman suya, da a yi zaman makokinka cikin kayan Sallah. Kuma a tuna, a 'yan shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa ne a farkon damina. A 2024 an yi ta 16 ga Yuni, a 2025 kuma 6 ga Yuni. Ruwan farko yana sa kwalta santsi, tsohuwar taya kuma ba ta riƙe birki.

Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ce a cikin gari kada mota ta wuce gudun kilomita 50 a awa. Wasu na ganin wannan tafiyar hawainiya ce. To, mota mai wannan gudun tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, wato kafin direba ya ɗaga ƙafa ya taka birki ya riga ya shafe tsawon motoci uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan gudun ya tashi daga 50 zuwa 65, haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa da aka buge yana ninkawa fiye da sau huɗu. Ita ce kuma ta ce haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a duniya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Waɗannan su ne 'ya'yanmu da ƙannenmu, su ne suka fi kowa ɗokin Sallah.

Ku tsaya a bakin titi a Tudun Wada ko Sabon Gari da yammacin ranar Sallah ku gani. Yarinya 'yar shekara bakwai, ta sha lalle, takalminta sabo ya ɗan yi mata yawa, hannu ɗaya ta damƙe goron Sallarta, ɗayan tana jan ƙanenta. Ta duba dama, ba ta duba hagu ba, domin hankalinta yana kan ƙawayenta da suka riga suka tsallaka. A wannan titin ne wani yaro da ko gemu bai fara ba yake tafe da motar babansa, abokai shida a ciki, kiɗa na tashi, yana juya sitiyari don a tafa masa. Idan abin ya faru sai mu ce ƙaddara. Mun yi imani da ƙaddara, amma makullin nan wani babba ne ya miƙa shi. Doka ba ta ba wanda bai kai shekara 18 lasin tuƙi ba, kuma uban da ya ba irin wannan yaro mota ko babur don ya yi Sallah, da shi za a yi hisabin abin da ya biyo baya. Ina faɗin wannan da nauyin zuciya, domin yawancin iyayen da ke yin haka so ne ya ja su.

Haka nan maigidan da ya ɗora yara huɗu a babur zuwa idi, ɗaya a kan tanki, hannun babbar riga na reto kusa da taya. Kai su sahu biyu, idi ba zai gudu ba in ka fita da wuri. Iyayenmu mata da ƙannenmu, in za a hau kabu-kabu a tattare hijabi da bakin zane a riƙe a cinya, don sarƙa ko tayar baya in ta kama shi, fizgo mutum take yi ƙasa ta wuya. Masu Keke Napep, kuɗin mutum ɗaya da za ku ƙara a gefenku bai kai kuɗin ɗaurin karaya ba. Yara kuwa kada su fita yawon Sallah sai da babba, a sa wa ƙananan takarda mai lambar waya a aljihu, su dawo gida kafin magariba.

A filin idi a ajiye mota nesa a taka da ƙafa, a bar hanyar da motar asibiti za ta bi. In haɗari ya auku, a kira 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra, ko 112 ta gaggawa, a hanzarta kai wanda ya ji rauni Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, ko babban asibitin da ya fi kusa. Wanda ake zargin ya bugu a wuya ko baya, kada a ciccibe shi kamar buhu, a ɗauke shi a miƙe. Masu zaro waya suna ɗaukar hoton wanda ke kwance cikin jini, ku ji tsoron Allah, iyayensa kada su fara ganin ɗansu a Facebook.

Muna kira ga jami'an ZAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, da na kiyaye haɗurra da 'yan sanda su tsaya a mashigar Tsafe da Kwatarkwashi da Bungudu da manyan mahaɗun Gusau har kwana uku bayan idi, domin yawon Sallah ba ya ƙarewa a rana ɗaya. Masu martaba Sarkin Katsinan Gusau da 'Yandoton Tsafe da Sarkin Fulanin Bungudu su umarci hakimai da masu unguwanni su yi shela, limamai su sa maganar cikin huɗubar idi, shugabannin tasha su hana mota tashi in lokaci ya ƙure. Kai kuma maigida, makullin motarka da na baburinka su kwana a aljihunka.

Allah Ya kai mu Sallah lafiya, Ya maido da matafiyanmu gida lafiya.