Ka gama biyan kuɗin Adaidaita, amma an goge sunanka?

Makon jiya wani ƙanenmu a mazaɓa ya same ni ido jajir. Adaidaita Sahu ya karɓa bashi a wani ƙaramin banki, yana zubi duk wata har ya kammala. Da ya je wani bankin neman jari, ana buga BVN ɗinsa aka ce ai ana bin sa bashi. Wane bashi kuma? Ashe zubin wata biyu da ya miƙa wa ejan hannu da hannu ba a taɓa shigar da shi ba.

Matasa, ku sani bankuna suna kai rahoton masu bashi ga kamfanoni irin su CRC da FirstCentral, nan kowane banki ke dubawa. Dokar 2017 ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara, ka kuma ƙalubalanci kuskure. Zagi a Facebook ba ya goge suna. Rubuta koke, haɗa rasit, a buga maka hatimi a kwafinka. In mako biyu ya wuce shiru, kai maganar CBN.

Mu ma shugabanni da laifinmu, gaskiya. Mun iya raka yaro karɓar makulli ana ɗaukar hoto, ranar rikici babu kowa.

Shi dai Allah ya rufa masa asiri, mahaifiyarsa ta adana rasit ɗin duka a cikin kwalla. Litinin tare za mu koma bankin.